Daga "babu sabis" zuwa VPN: Ma'anar kalmomin intanet da rayuwa ta rataya a kansu a Sabon Birni da Isa

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. Makonni biyu da 'yan kwanaki bayan haka, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da cewa an ɗauki irin wannan mataki a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato. Sabon Birni da Isa suna cikinsu. Hujjar hukumomi ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto da masu cinikin kuɗin fansa.

Tun daga wancan lokaci, kalmomin da a da ake jinsu a bakin masu gyaran waya kaɗai suka shiga muhawarar tsaro da siyasa a ƙasar Gobir. Ana maganar turke, data, VPN, algoridim da kutse a majalisar shayi da zaurukan WhatsApp, amma sau da yawa kowa da abin da yake nufi. Rashin sanin haƙiƙanin ma'anarsu yana da farashi a yankin da saƙon murya na daƙiƙa talatin zai iya hana motar kasuwa faɗawa tarko, kuma bidiyon ƙarya zai iya tayar da gari guda cikin dare.

Sabis da turken sadarwa

Abin da ake kira sabis ko netiwok shi ne alaƙar da ke tsakanin wayar hannu da turken sadarwa mafi kusa da ita. Turken shi ne dogon ƙarfen nan da ake gani a bakin gari, mai fitila ja a ƙololuwarsa. Waya tana aika murya ko saƙo zuwa gare shi ta igiyar rediyo, shi kuma ya miƙa zuwa cibiyar kamfani, ko dai ta wayar fiba da aka binne a ƙasa, ko ta faranti mai harba sigina zuwa turke na gaba. 'Yan sandunan da ke saman fuskar waya suna nuna ƙarfin wannan alaƙa ne kawai.

Galibin turakun karkara da janareta suke aiki. Idan hanya ta gagari motar da ke kai musu man dizal, ko injiniya ya kasa zuwa gyara saboda tsoron garkuwa, sabis yakan ɗauke ba tare da wani ya ba da umarni ba. Saboda haka "babu sabis" yana iya nufin abu uku mabambanta: gwamnati ta sa an kashe, an lalata turken ko an sace kayansa, ko kuma mai ya ƙare. Duk wanda zai tuhumi hukuma ko kamfani yana buƙatar ya san wanne ne daga ciki, domin kowanne da mai alhakinsa.

Igiyar rediyo ba ta san shingen kan iyaka ba. Sabon Birni tana maƙwabtaka da Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, kuma ƙauyukan da ke bakin iyaka suna iya kama siginar kamfanonin can, irin su Airtel Nijar, Moov da Zamani. Idan layin Najeriya mai lambar +234 ya hau turken wata ƙasa, ana kiran wannan romin, kuma kuɗinsa ya fi na kiran gida tsada. Mafi sauƙi shi ne mutum ya sayi layin Nijar mai lambar +227. A nan ne raunin matakin 2021 ya fito fili: mai babur da kuɗi da bindiga yana iya kaiwa inda sabis ɗin Nijar yake, talakan da aka kewaye ƙauyensa kuwa ba shi da yadda zai kira jami'an tsaro. Ranar 17 ga Oktoba, 2021, ana tsaka da katsewar, aka kai hari kasuwar Goronyo, inda gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 43. Bayan harin, gwamnatin Sakkwato da kanta ta nemi a sake duba matakin.

2G, 4G da lissafin data

Harafin G a nan yana nufin zango ko ƙarni na fasahar waya. Zango na biyu, 2G, shi ne wanda ya shigo Najeriya a 2001 tare da kamfanonin MTN da Econet. Yana ɗaukar kira da gajeren saƙo, amma intanet a kansa tafiyar hawainiya yake yi. Idan waya ta nuna harafin E a sama, a kan 2G take. 3G ya kawo damar buɗe shafuka da tura hoto, 4G ya sa bidiyo ya zama abin yau da kullum, 5G kuwa ya fara aiki a manyan biranen ƙasar a 2022.

Data ita ce ma'aunin bayanan da waya ta aika ko ta karɓa. Ana auna ta da megabait da gigabait, kuma gigabait ɗaya ya kai kimanin megabait 1,000. Rubutaccen saƙo kusan ba ya cin komai, saƙon murya na minti ɗaya bai kai megabait ɗaya ba, bidiyo ne ke cinye data. Wannan ne dalilin da ya sa a wurin da sabis ke da rauni, rubutu da murya sukan isa, bidiyo kuma ya maƙale a hanya. Mai son gargaɗin gaggawa ya isa da wuri, ya rubuta ko ya yi magana a taƙaice.

Lambobin da ake dannawa masu farawa da tauraro su ƙare da alamar shinge, waɗanda ake tura kuɗi ko duba asusun banki da su, sunansu USSD. Ba sa buƙatar data, ƙaramar waya ma tana yinsu, amma dole sai da turke mai aiki. Na'urar POS ita ma da layin waya take magana da banki. Idan aka kashe sabis a gari, da kira da hada-hadar kuɗi tare suke tsayawa. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin farashin kira da data har kashi 50 cikin 100, wanda ya sa lissafin megabait ya ƙara nauyi a aljihun manomin da aka raba da gonarsa.

Intanet, sabar da kebul na ƙarƙashin teku

Intanet haɗakar miliyoyin kwamfutoci ce da ke magana da juna bisa ƙa'idoji iri ɗaya. Tushenta yana komawa ga ARPANET, wadda aka fara a Amurka a 1969. Yanar gizo, wato shafukan da ake buɗewa da burauza irin su Chrome ko Opera Mini, ɓangare ne na intanet, kuma Tim Berners-Lee ne ya tsara ta a 1989 a cibiyar bincike ta CERN. Facebook, WhatsApp da TikTok manhajoji ne da ke hawa kan intanet kamar yadda mota ke hawa titi. Kowannensu kamfani ne mai neman riba, da dokokinsa da masu shi.

Saƙon da aka tura daga Isa zuwa Gatawa ba ya tafiya kai-tsaye daga waya zuwa waya. Yana bi ta turke, ya shiga wayar fiba, ya isa wata babbar kwamfutar kamfanin da ake kira sabar ko uwar garke, wadda mai yiwuwa a wata nahiyar take, sannan ya dawo. Mafi yawan wannan zirga-zirga tana fita Najeriya ta manyan kebul da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, waɗanda suka sauka a gaɓar Legas, irin su SAT-3, MainOne, Glo-1, WACS da Equiano. Ranar 14 ga Maris, 2024, wasu daga cikinsu suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, intanet da ayyukan bankuna suka tabarbare a ƙasashe da dama. Matsalar da ta faru a ƙarƙashin ruwa ta iya hana mai POS a kasuwar Sabon Birni biyan kwastomansa.

Akwai hanyar da ba ta bi ta turke ba, wato intanet na tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, da faranti ƙarami mai magana da taurarin kai-tsaye. Tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje, amma samuwarsa na nufin kashe turaku ba ya rufe ƙofar sadarwa ga mai kuɗi.

Adireshin IP, toshewa da VPN

Duk na'urar da ta hau intanet ana ba ta lambar shaida da ake kira adireshin IP, wanda ke nuna kamfanin da ke ba ta sabis da ƙasar da take. Da irin wannan tsari ne gwamnati ke iya cewa kamfanoni su hana masu layukansu isa wani shafi. Haka aka yi wa Twitter daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari. A Yulin 2022 Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki.

A wancan lokaci ne matasa da yawa suka san VPN. Manhaja ce da ke ɗaukar zirga-zirgar waya ta bi da ita ta wata sabar a wata ƙasa cikin rufaffen bututu, ta yadda kamfanin layi ba ya ganin shafin da aka nufa. VPN tana tsallake toshewar shafi ɗaya ko manhaja ɗaya. Ba ta da amfani idan an kashe turken gaba ɗaya, domin ita ma sai da sabis take aiki. Abin da aka yi wa Twitter toshewa ce, abin da aka yi wa Sabon Birni da Isa katsewa ce. Haka kuma VPN ba ta ɓoye mutumin da ya shiga Facebook da sunansa da hotonsa, kuma wasu na kyauta suna tattara bayanan masu amfani da su.

Algoridim, tashe da maudu'i

Abin da ke bayyana a fuskar TikTok ko Facebook ba edita ne ya zaɓe shi ba. Algoridim ne, wato jerin ƙa'idojin lissafi da ke lura da abin da mutum ya tsaya ya kalla, ya yi sharhi a kai ko ya tura wa wani, sannan ya ƙaro masa irinsa. Algoridim ba ya bambance kallon ƙauna da kallon ƙyama. Wanda ya shiga ƙarƙashin bidiyon ɗan bindiga ya yi masa tofin Allah tsine ya ƙara wa bidiyon maki, kuma ya taimaka an nuna shi ga wasu dubbai.

'Yan bindigar yankin sun fahimci wannan. Bello Turji, wanda sunansa ya daɗe yana haɗe da hare-haren Shinkafi, Isa da Sabon Birni, ya sha fitar da bidiyo yana jawabi da barazana. A 2024 kafofin labarai sun ba da rahoton yadda wasu 'yan bindiga ke fitowa a TikTok suna baje kuɗi da makamai, wasu ma a shirin kai-tsaye, inda masu kallo ke sharhi a lokacin da abin ke gudana. Tun a Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana irin waɗannan ƙungiyoyi a matsayin na 'yan ta'adda. Kowace manhaja tana da maɓallin kai ƙara, kuma shi ne ke sa a duba asusu a rufe shi. Sharhi da turawa suna ƙara masa tashe.

Bidiyon Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda aka sace a Yulin 2024, ya nuna fuska biyu na wannan lamari. Yaɗuwarsa ta sa ƙasa baki ɗaya ta san halin da basaraken yake ciki kafin a kashe shi a watan Agusta. Amma masu garkuwar ne suka ɗauke shi domin matsa wa iyalai da gwamnati lamba, kuma duk wanda ya tura shi ya isar musu da saƙo kyauta, ya kuma ƙara wa dangi ciwo. Ana iya ba da labarin a rubuce ba tare da yaɗa hoton wulaƙancin ba.

Maudu'i kuwa kalma ce ko jumla da ake sa wa alamar # domin tattara dukkan saƙonnin da ke magana kan abu guda. Bayan ƙona matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa a Disambar 2021, inda hukumomi suka ce mutum 23 sun rasu, maudu'in #NorthIsBleeding ya yi tashe, kuma matasa suka fita zanga-zanga a biranen Arewa da Abuja. Maudu'i yana iya jawo hankalin masu mulki, amma ana iya ƙirƙirar tashe da asusun bogi da kuɗi, shi ya sa yawan saƙonni ba ya zama hujjar yawan mutane.

Rufaffen saƙo da sawun da yake bari

Tun Afrilun 2016 WhatsApp yake rufe saƙonni daga mai aikawa zuwa mai karɓa, ta yadda kamfanin layi ko shi kansa WhatsApp ba sa iya karanta abin da ke ciki. Kiran waya na yau da kullum da gajeren saƙo ba su da irin wannan kariya. Sai dai rufewar tana ƙarewa ne a kan wayar da saƙon ya sauka. Idan zaure yana da mutum ɗari biyu, kowannensu zai iya ɗaukar hoton fuskar waya ya kai wa wanda ya ga dama. A yankin da matsalar masu kai wa 'yan bindiga rahoto ta zama ruwan dare, rubuta lokacin da 'yan sintiri za su fita ko sunan wanda ya sayar da shanu a cikin babban zaure ganganci ne. Haka nan wayar da ba ta da makulli, idan ta faɗa hannun masu tare hanya, duk saƙonnin banki da sunayen 'yan'uwa sun zama nasu.

Ko an rufe abin da ke cikin saƙo, akwai bayanan da ke kewaye da shi: wace lamba ce ta kira wace, da ƙarfe nawa, daga kusa da wane turke. Kowace waya tana da lambar IMEI da ake gani idan aka danna *#06#, kuma canza layi ba ya canza ta. A Disambar 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami, gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da hujjar gano masu laifi. Ga tambayar da ta dace matasa su riƙa yi wa wakilansu: idan kowane layi yana da mai shi, kuma kowane kira yana barin sawu, me ya sa har yanzu ake cinikin kuɗin fansa ta waya? Daga cikin giɓin akwai layukan da aka yi wa rajista da sunan wasu, wayoyin waɗanda aka sace, da layukan ƙasashen maƙwabta da tsarin NIN bai shafa ba.

Saƙon da aka tura sau da yawa

Kibiya biyu a saman saƙon WhatsApp tana nuna cewa ya ratsa hannaye da dama kafin ya iso. Kamfanin ya taƙaita turawa zuwa wurare biyar a lokaci guda a 2019, sannan a 2020 ya mayar da irin wannan saƙo zuwa wuri ɗaya. Alamar ba ta cewa saƙon ƙarya ne, tana nuna cewa wanda ya turo shi ba shi ne ganau ba. Saƙon murya da ke cewa "suna nan tafe" ba tare da sunan gari, rana ko lokaci ba zai iya yawo wata shida yana firgita garuruwa daban-daban. Gargaɗi mai amfani yana ɗauke da wuri, rana da sa'a.

Ana iya bincikar asalin hoto ta hanyar sa shi a Google Lens, wanda zai nuna inda ya taɓa fitowa. Sau da yawa hoton da aka ce na jiya ne yakan zama na shekarun baya ko na wata ƙasa. Kafofin tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check suna yin wannan aiki. Sabon ƙalubale shi ne dipfek, wato bidiyo ko muryar da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira domin a sa mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba. Jin murya mai kama da ta wani shugaba ya daina zama hujja shi kaɗai.

Kutse da lambar sirri

Mafi yawan abin da ake kira kutse a zaurukan Arewa yaudara ce. Wani zai kira ya ce ana rajistar tallafi ko taron ƙungiya, ya nemi a karanto masa lamba shida da ta shigo waya. Wannan lamba, da ake kira OTP, ita ce mabuɗin asusun. Da zarar an ba shi, zai karɓe WhatsApp ɗin ya fara roƙon kuɗi da sunan mai shi. Al'ummar da ke jiran agaji ta fi kowa saurin faɗawa, domin mahaɗar da ke alƙawarin tallafi tana zuwa ne daidai lokacin da ake buƙata. Banki ko hukuma ba sa neman OTP ko lambar katin cirar kuɗi ta waya. Tantancewa mai mataki biyu, wadda ke cikin saitin WhatsApp da Facebook, tana ƙara makulli na biyu da ɓarawo ba zai samu daga saƙo ba.

Lodawa, zaɓe da doka

Lodawa ita ce aika abu daga waya zuwa sabar, saukewa kuma ita ce ɗauko shi. A zaɓen 2023 wannan kalma ta zama ta siyasa. Na'urar BVAS tana tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska ba tare da sabis ba, amma loda hoton takardar sakamako zuwa shafin IReV na hukumar INEC sai da intanet. Jinkirin loda sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu ya zama babban batu a kotu. Rumfar zaɓen da ba ta da sabis dole a ɗauki na'urarta zuwa inda yake, kuma a wannan tazara ce zargi ke shiga. Turken sadarwa a ƙauyen Isa yana da alaƙa kai-tsaye da amincin ƙuri'ar mutanen ƙauyen.

Ta fuskar doka, Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya daɗe ana amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu sukar gwamnati. An yi masa gyara a 2024, aka taƙaita shi, amma yaɗa abin da mutum ya san ƙarya ne domin tayar da hankalin jama'a yana nan a matsayin laifi. A shekarar ce kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya turaku da wayoyin fiba cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta wajabta karewa.

Wannan umarni ya ba mazauna Sabon Birni da Isa madogara. Suna da damar tambayar ɗan majalisarsu, hukumar NCC da kamfanonin waya: turaku nawa ne ke aiki a ƙaramar hukumar, nawa ne suka mutu, tun yaushe, kuma wa ke gadin masu kai musu mai? Idan wata gwamnati ta sake tunanin katse sabis, suna da damar neman a bayyana dokar da aka dogara da ita, tsawon wa'adin, da hanyar da mutumin da aka kewaye gidansa zai bi ya nemi ɗauki.